Amsa ga ƙanena a kan watanni shidan farko a cemba

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka samu gurbin almajirci a wata cemba, wato ofishin da baristoci ke haɗuwa su yi aiki, a Landan, za ka fara a watan Oktoba, amma abu ɗaya na ci maka tuwo a ƙwarya: watanni shida na farko ba za a bar ka ka buɗe baki a gaban alƙali ba, sai bin ubangida, wato baristan da zai koya maka aiki, kotu-kotu kana jan jakar takardu. Tambayarka ita ce, "Yaya, bayan digiri da kwas ɗin lauya da duk kuɗin da aka kashe, wannan ba ɓata lokaci ba ne?"

Barka tukuna. Dubban mutane ke neman gurbin nan ta shafin intanet na Pupillage Gateway kowace Janairu, guraben kuwa ɗaruruwa ne, in Mayu ta zo da yawa sukan tashi hannu wofi. Na san inda ƙorafinka ya samo asali. Abokanka da suka fito daga makarantar lauyoyi ta Bwari ko Bagauda, ranar da aka rantsar da su sun zama barista mai tsayawa a kotu kuma solisita mai aikin takardun shari'a, washegari suna iya tsayawa gaban alƙali. A Ingila ba haka abin yake ba. Ko da ɗaya daga ƙungiyoyin da ke rantsar da baristoci, kamar Lincoln's Inn ko Gray's Inn, ta kira ka barista, ba ka da izinin karɓar shari'a sai ka yi almajircin watanni 12, shida na kallo, shida na aiki.

Ka gane wannan da kyau: cemba ba kamfani ba ce. Kowane barista a cikinta cin gashin kansa yake yi, haya da akawuna kawai suka haɗa. In shekararka ta ƙare za su zauna su yanke ko za su ba ka kujera ta dindindin, wato ko sun yarda su yi shekara talatin suna haɗa suna da kai. Yawancinsu ba za su taɓa ganinka a kotu ba. Abin da za su gani shi ne rubutunka na watannin nan da kake rainawa, da kuma abin da ubangidanka zai faɗa a kanka.

Bari in ba ka abin da ya faru da ni. A wata na uku ina zaune bayan ubangidana da shuɗin littafin nan da baristoci ke rubutu a ciki, wata shaida tana ba da bayani tun safe. Bayan la'asar gardama ta tashi: lauyan ɗaya ɓangaren ya ce matar ta ce ta ga motar, ubangidana ya ce cewa ta yi ta ji ƙararta. Bai juyo ba, ya miƙo hannu ta baya kawai. Na buɗe shafin, na ɗora yatsa a kan layin, har da lokacin da ta faɗa a gefe. Ya karanta wa alƙali, alƙali ya duba nasa rubutun, magana ta mutu. Tun daga ranar ya fara ba ni aikin da ya fi nauyi. Don haka in ka zauna a baya, rubuta kalmar shaida yadda ta fito, ba yadda ka fahimce ta ba. Kafin ubangidanka ya tashi yi wa shaida tambayoyi, kai ma ka tsara naka a gefe, sannan ka gwada da nasa. Tambayar da ya ƙi yi ita za ka fi neman dalilinta a hanyar komawa, don sau da yawa nan gwanintar take.

Haka rubutu. Zai ba ka fayil ya ce ka rubuta shawara. Kada ka cika masa shafi ashirin don ya san ka yi karatu. Amsar ta zo a sakin layi na farko, hujja ta biyo baya. Duk hukuncin da ka kafa hujja da shi, ka tabbatar kotun sama ba ta rushe shi ba. In ka ga ba za ka gama a kan lokaci ba, faɗa tun da wuri. In ana ganawa da wanda kuke wakilta a shari'a kuwa, bakinka alekum sai an tambaye ka, abin da ka ji a ɗakin kuma a ɗakin zai tsaya.

Akawuna fa, ka girmama su kamar iyayen gida, su ke raba aiki. A watanni shida na biyu, akawu zai kira ka da yamma ya ce gobe ƙarfe goma kana kotun majistare a wani gari, neman beli. Za ka karanta fayil a jirgin ƙasa, ka sauka ɗakin tsare mutane da ke ƙasan kotu, ka samu mintuna kaɗan da mutumin da bai yi barci ba, yana kallonka a matsayin wanda zai mai da shi gida wurin 'ya'yansa. Ba ubangida a gabanka ranar. Yadda za ka tambaye shi adireshi da mai tsaya masa, yadda za ka miƙe, lokacin da za ka yi shiru, duk daga abin da idonka ya kwasa a watannin farko za su fito.

Batun kuɗi, dokar Bar Standards Board, hukumar da ke kula da baristoci a Ingila, ta wajabta a biya almajiri, kuma mafi ƙanƙantar abin da ake bayarwa ya haura fam 20,000 a shekara. Hayar Landan za ta cinye kaso mai yawa, sai ka nemi ɗaki kusa da layin jirgi tun yanzu. Ka sayi shuɗin littafi guda biyar da takalmi baƙi mai daɗin tafiya. In ka yi sati biyu, kira ni ka karanta mini shawarar farko da ka rubuta, bayan ka cire sunayen mutane.