Sammako ko Raba Dare: Wanne Ya Fi Amfani?

Tambaya: Malam, ni ma'aikaci ne kuma ɗalibi, kaina ba ya buɗewa sai bayan ƙarfe goma na dare, har nakan kai ƙarfe ɗaya ina karatu. Yayana ya ce wannan ragwanci ne, duk mai son ci gaba sammako yake yi. Na bi shawararsa na fara tashi ƙarfe biyar, amma yau mako uku ke nan ina gyangyaɗi a wurin aiki, abin da na karanta kuma ba ya zama. Sammakon ne bai karɓe ni ba, ko kuwa haƙuri zan ƙara? Daga wani mai karatu.

Amsa: Ɗan'uwa, laifin yana ga lissafin da ka yi. Wanda ya kwanta ƙarfe ɗaya ya tashi ƙarfe biyar, barcin awa 4 ya samu, alhali masana sun yi ittifaƙi cewa baligi yana buƙatar awa 7 zuwa 9 a kowane dare, matashi kuma 8 zuwa 10. Ka ɗauki rabin shawarar yayanka, wato tashi da wuri, ka bar rabin da ya fi wuya, wato kwanciya da wuri. Ga shi barci yana tafiya ne zango-zango, kowane zango kamar minti 90, kuma ɓangaren zangon da ake yawan mafarki a cikinsa ya fi tsawo gab da wayewar gari. Shi ne kake yankewa kullum, ga barcin yana cikin abubuwan da ke tabbatar da karatu a ƙwaƙwalwa.

Batun ragwanci kuwa, ban yarda da shi ba. A jikin kowane mutum akwai agogo da ke zagayawa cikin kimanin awa 24, shi ke tsara lokacin jin barci da hawa da saukar zafin jiki. A shekarar 2017 aka ba wasu masana uku na Amurka, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, kyautar Nobel saboda gano yadda ƙwayoyin gado ke sarrafa wannan agogo, kuma abin mamaki, a jikin ƙananan ƙudajen da ke bin 'ya'yan itace suka gano shi. Agogon wani yana gaba, na wani yana baya, akwai gado a ciki, akwai kuma shekaru: samari sukan karkata ga dare, tsofaffi ga asuba. Saboda haka ba kowane mai raba dare ba ne rago.

Sai dai duniya ba ta jira agogonka ba. Ofis da makaranta da safe suke buɗewa, don haka mai raba dare yakan wayi gari da bashin barci, ya ce zai biya ranar hutu, ya ƙara rikita agogon. An daɗe ana danganta ƙarancin barci da hawan jini, da ciwon sukari, da ƙiba, da haɗarin mota. A 2019 ma hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya aikin dare cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar, ko da yake wannan ya shafi masu kwana a bakin aiki ne, ba irinka ba.

Tunda dole ka fita da safe, ka ja agogon a hankali. Ka tsayar da lokacin tashi guda har ranar hutu, a ce ƙarfe shida, sannan ka riƙa matso da kwanciya da minti 15 zuwa 30 duk bayan kwana biyu har ka kai ƙarfe sha ɗaya. Da ka tashi ka fita cikin hasken rana, domin haske ne ke saita agogon. Da dare kuma ka rage fitila ka ajiye waya, saboda haske yana danne sinadarin melatonin da ke sanar da jiki dare ya yi. Kofi ko shayi mai kauri kada ya wuce tsakar rana, don bayan kimanin awa 5 rabin kafeyin ɗinsa, wato sinadarin da ke hana barci, yana nan a jini.

Idan ka yi wata guda kana samun awa 7 amma gyangyaɗin bai daina ba, musamman in ana ce maka kana minshari mai ƙarfi ko numfashinka yana ɗaukewa cikin barci, to ka ga likita.