Shin Mabiya Cocin Ingila Ahlul Kitabi Ne, Kuma Ya Halatta A Auri Matansu?

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a Birtaniya, kuma ina son in auri wata Baturiya da muke karatu tare. Ta ce mini iyayenta 'yan Cocin Ingila ne, an yi mata baftisma tana jaririya, amma ba ta zuwa coci sai ranar biki ko jana'iza. Wani abokina ya ce wannan coci wani sarki ne ya ƙirƙiro shi saboda rikicin aure, don haka mabiyansa ba Ahlul Kitabi ba ne. Mene ne hukuncin wannan aure?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ya ɗan'uwa, maganar abokinka tana da tushe a tarihi, amma hukuncin da ya gina a kanta bai tsaya ba. Kiristanci ya shiga tsibirin Birtaniya tun zamanin mulkin Rumawa, har bishop-bishop daga can suka halarci taron malaman coci a garin Arles na Faransa a shekarar 314 miladiyya. A 563 Kolumba ya kafa zawiyarsa a tsibirin Ayona na Sikotlan, sannan a 597 Agustin, wanda Fafaroma Giregori ya aiko, ya iso masarautar Kent, ya zauna a Kantabari, garin da har yau shugaban limaman Cocin Ingila yake ɗauke da sunansa. Ke nan mutanen nan sun shafe fiye da shekara 900 suna Kiristoci a ƙarƙashin Fafaroma kafin a haifi rikicin da abokinka yake nufi.

Rikicin shi ne na Sarki Henri na Takwas, wanda ya nemi Fafaroma ya warware aurensa da Katarina ta Aragon, aka ƙi, sai majalisar dokoki ta zartar da doka a 1534 cewa sarki ne shugaban cocin ƙasarsa. Abin da aka yanke a nan shi ne igiyar biyayya ga Roma. Ba a zo da sabon littafi ba, ba a kuma yi da'awar sabon annabi ba. 'Yarsa Maryamu ta mayar da ƙasar ga Katolika, sai 'yar'uwarta Elizabet ta Ɗaya ta sake raba ta a 1559, kuma a zamaninta aka tsayar da ƙa'idojin aƙida guda 39, waɗanda ta farkonsu take tabbatar da imani da Allah uku cikin ɗaya, wato aƙidar da Katolika ma suke kai. Sikotlan ta bi tata hanyar a 1560 ƙarƙashin jagorancin Jon Noks, inda dattawa ne suke tafiyar da coci maimakon bishop. Daga baya ɗariƙu suka yi ta ɓullowa: Baftis a farkon ƙarni na 17, Kwekas na Joj Foks a tsakiyarsa, da Metodis na Jon Wesli a ƙarni na 18. Katolika kuwa sun daɗe cikin takura, sai a 1829 aka ba su damar zama a majalisa, kuma ƙaurar mutanen Ailan ta ƙara yawansu.

To, wannan rarrabuwa ba ta fitar da kowa daga cikinsu daga sunan Nasara. Lokacin da Alƙur'ani yake sauka Kiristoci sun riga sun kasu gida-gida, akwai Malkaniyya da Nasɗuriyya da Ya'aƙubiyya, suna kafirta juna a kan ɗabi'ar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, amma Allah bai ware wata ƙungiya ba da ya halatta auren mata masu kamun kai daga cikin waɗanda aka ba Littafi a aya ta 5 ta Suratul Ma'ida. A cikin wannan sura ɗin kuma, a aya ta 73, ya kafirta masu cewa Allah na ukun uku ne, wanda ya nuna cewa ɓacin aƙidarsu sananne ne tun lokacin da aka yi halascin. Shafi'iyya sun sa sharaɗin a duba lokacin da kakannin mace suka shiga addinin, kuma wannan yana da wuyar tabbatarwa ga Turawan Ingila, domin shigarsu Kiristanci ta fara kafin aiko Manzon Allah, ta ci gaba har ƙarshen ƙarni na 7. Amma mafi yawan malamai, har da Malikiyya da Hanafiyya, suna duba addinin da mutum yake kai da kansa, kuma wannan ne muke ba da fatawa da shi.

A nan ne damuwata take, domin wannan ƙa'ida tana yanka ta ɓangare biyu. Idan addinin mutum da kansa ake dubawa, to baftismar jarirai da addinin iyaye ba su wadatar ba. A ƙidayar 2021 ta Ingila da Wels, kashi 46.2 cikin ɗari ne kawai suka ce su Kiristoci ne, alhali a 2011 sun kai kashi 59.3, kuma kashi 37.2 sun ce ba su da addini. Saboda haka zama Bature ba ya nufin zama Kirista. Wajibi ne ka tambaye ta a fili, cikin ladabi, ko ta yi imani da samuwar Allah, da Annabi Isa, da Linjila, da tashin ƙiyama, kuma ko tana ɗaukar kanta Kirista. Idan ta amsa da e, rashin zuwa coci bai fitar da ita daga Kiristanci ba, kamar yadda sakacin ibada ba ya sauya sunan addinin mai shi. Idan kuwa ta ce ba ta yarda da akwai Mahalicci ba, ko ta ce Kiristancin nata al'adar gida ce kawai ba ta gaskata komai a ciki ba, to aurenta haramun ne a kanka har sai ta musulunta.

Idan ta tabbata Kirista ce, kuma mai kamun kai daga alfasha, auren ya inganta da waliyyinta, ko da mahaifinta ne Kirista, da sadaki da shaidu biyu Musulmi. Sai dai a mazhabar Imam Malik makaruhi ne, kuma Shaihu Khalil ya ambata a Mukhtasar cewa karhancin yana ƙara ƙarfi a ƙasar da ba hukuncin Musulunci ake bi ba, saboda tsoron abin da zai samu addinin 'ya'ya. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya umarci Huzaifa ya rabu da Bayahudiyar da ya aura, duk da bai ce haramun ce ba. Ka sani cewa idan aure ya mutu a can kotun ƙasar ce za ta yanke inda yara za su zauna, kuma ɗaurin aure na masallaci kaɗai ba ya zama aure a idon dokar Ingila sai an cika sharuɗɗan rajista. Shawarata ita ce ka fara bayyana mata Musulunci ba tare da tilastawa ba, ku yi magana dalla-dalla a kan tarbiyyar yara da batun giya da naman alade a cikin gida, ka sanar da iyayenka kafin ka yi alkawari, sannan ka nisanci keɓewa da ita har a ɗaura aure.

Allah ne Mafi sani.