Ga mai tambaya kan ko su sayi kyamara ko su ci gaba da biyan situdiyo

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce ku uku ne, ɗaya na waƙa, ɗaya na haɗa kiɗa a kwamfuta, kai kuma kana ɗaukar hoto, kun tara 'yan kuɗi, kuna so ku daina jiran layi a situdiyon Zoo Road ku riƙa yin abinku da kanku. Za ku iya. Mu ma haka muka fara, mu huɗu, a wani ɗakin soro a Kano. Amma don Allah kada ku fara da kyamara.

Mu ita muka fara saya, Canon ta hannu, duk kuɗinmu ya tafi a kanta. Waƙar farko hoto ya fita tas, murya kuwa kamar mutum yana magana a cikin randa. Mai kallo yana haƙura da hoto mai dishi-dishi, amma in sauti ya dame shi a kunne, ko minti ɗaya ba zai yi ba ya wuce. Ku nemi makirufo mai kyau guda ɗaya, da ƙaramin akwatin sauti mai haɗa makirufo da kwamfuta irin Focusrite Scarlett Solo, da hedifon da ba ya zubar da ƙara waje. FL Studio, manhajar haɗa kiɗan da abokinka ya saba da ita, ta isa.

Ɗakin ma sai an gyara shi, kuma ba da kuɗi ba. Mu katifa biyu muka jingina a bango, muka rataye bargo a taga da bayan mawaƙi. Fanka kuwa dole a kashe ta, don makirufo yana kwashe ƙararta. A watan Afrilu mawaƙinmu yakan yi baiti biyu ya fito jiƙe sharkaf, mu buɗe ƙofa ya sha iska, a koma. Daga baya muka gane bayan sallar isha ya fi, unguwa ta lafa, yara sun shige. Janareta ya ba mu wahala sosai, wani gurnani yake sakawa ƙasan murya wanda ba ka ji sai ka zo haɗawa. Ranar da muka sayi batir da inbata muka huta. In kun gama haɗa waƙa, kada ku yarda da yadda take a hedifon. Ku tura ta ƙaramar waya, ku ba wani mai Adaidaita Sahu ya saka a sifikarsa, don a nan mutane za su ji ta.

Bidiyo kam wayarka ma za ta yi in ka san lokacin haske, da hantsi ko bayan la'asar. Manhajar haɗa bidiyo ta DaVinci Resolve akwai ta kyauta. Kuma tunda a Kano kuke, ku leƙa Hukumar Tace Fina-finai ku ji batun rajista kafin ku fita ɗauka a waje.

Sai maganar kuɗi. Zamanin kai faifai kasuwar Ƙofar Wambai ya wuce. YouTube ba zai ba ku kuɗin talla ba sai kun kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, mu sai da muka haura shekara. Abin da ya riƙe mu a lokacin waƙar biki ce, a sa sunan amarya da ango da dangi, a biya a hannu. Kuma kada ku sauko da kiɗan wani daga intanet ku ɗora murya, mai shi zai kama bidiyon, kuɗin ya koma wajensa.

Abin da ya fi yi mana ciwo dai ba na'ura ba ce. Tasharmu ta farko da imel da lambar ɗaya daga cikinmu aka buɗe ta, ba wanda ya kawo komai a ransa, ai tare muka taso. Da kuɗi ya fara shigowa aka samu saɓani kan kason mai kiɗa da na mawaƙi, ya canza lambar sirri, shi ke nan. Waƙa goma sha ɗaya muna ji muna gani. Iyaye suka shiga, aka yi sulhu a baki, amma tashar ba ta dawo ba. Yanzu kowace waƙa kafin a taɓa makirufo sai mun rubuta a takarda: wa ya rubuta baiti, wa ya yi kiɗa, wa ya biya mai da abinci, kowa nawa ne kasonsa, a sa hannu gaban shaida. Tashar kuma ku buɗe ta da sunan ƙungiya yadda ku ukun duka za ku zama masu ita.

In kun ɗauki waƙar farko, turo min ɗanyar muryar kafin ku sa mata otocun, wato manhajar da ke gyara murya, in ji yadda ɗakinku yake.