Zaɓe a Amurka: in jefa ƙuri'ata tun da wuri, ko in jira ranar zaɓe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina zaune a Houston ta jihar Texas, bana na samu takardar zama ɗan ƙasa. An ce akwai zaɓen wuri, akwai na ranar zaɓe. Wanne ya fi? Kuma da gaske ana ƙirga ƙuri'un wurin?

Amsa: Wa alaikumus salam, ina taya ka murna. Ana ƙirga su sarai, darajarsu ɗaya da ta ranar zaɓe. A 2020 mutum sama da miliyan 100 ne suka jefa ƙuri'a kafin ranar, wasu da ƙafarsu, wasu ta gidan waya.

In babban zaɓen Nuwamba ne, shawarata ka je da wuri, da kanka. Tun 1845 doka ta tsayar da ranar zaɓe a Talatar da ta biyo Litinin ɗin farko a Nuwamba, kuma ba ranar hutu ba ce a ƙasa baki ɗaya. Ba kamar gida Najeriya ba, inda ake yi ranar Asabar a hana zirga-zirga. A nan kana bakin aiki, ga ɗauko yara daga makaranta, ga layi ya miƙe har waje da yamma. Mota ta lalace ko zazzaɓi ya kwantar da kai, shi ke nan, ƙuri'a ta tafi. Texas kuwa na buɗe rumfuna kimanin mako biyu kafin ranar, kana iya zuwa kowace rumfar zaɓen wuri a gundumarka. Ka riƙe katin shaida mai hoto, kamar lasisin tuƙi. In aka ga tangarɗa a rajistarka, kana da kwanakin bin sawu.

Ta gidan waya kam ka cire rai, sai fa in ka kai shekara 65, ko kana da lalura, ko za ka kasance wajen gundumar. Texas ba kamar jihar Oregon ba ce, inda ake aika wa kowa takardar ƙuri'a har gida.

Inda nake cewa a dakata shi ne zaɓen fid da gwani. Ƙuri'a in ta shiga akwati ba ta dawowa, ɗan takara kuwa yana iya janyewa. A 2020, cikin masu neman takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar Democrat, Pete Buttigieg ya janye ranar 1 ga Maris, Amy Klobuchar ranar 2, alhali ranar 3 ce jihohi da dama, har da Texas, suke zaɓe. Duk wanda ya riga ya zaɓe su, ya zaɓi wanda ya bar fili. A irin wannan, jira har kwanakin ƙarshe ya fi.

Jita-jitar da ka ji cewa ba a ƙirga ƙuri'un wuri, ina jin daga jinkirin sakamakon 2020 ta samo asali. Dokar jihar Pennsylvania ba ta yarda a fara buɗe ambulan ƙuri'un gidan waya ba sai safiyar ranar zaɓe, shi ya sa aka kai Asabar, 7 ga Nuwamba, kafin kafafen yaɗa labarai su ce Joe Biden ya ci. Aiki ne ya taru a rana ɗaya, ba ƙuri'un aka watsar ba.