Filin Masu Sana'a: A ina zan riƙa wanke firam ba tare da na ɓata da mutan gida ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni dai ina sana'ar firintin riguna ne, na 'yan makaranta da na biki da 'yan ƙwallo, a soron gidanmu nake yi a Zariya. Matsalata wajen wanke firam ce, wato katakon nan mai raga da ake buga zane da shi a jikin riga, a banɗaki nake wankewa kuma yanzu Hajiya ta ce kar ta ƙara ganina da shi a ciki saboda duk bango ya yi kala-kala ga makwarara na toshewa, na koma waje bakin famfo sai kuma rubutun ya daina fita, in wanke in wanke har kotin ɗin, wato maganin da ake shafe ragar da shi, ya ƙi buɗewa. Don Allah ya zan haɗa wajen wanki a waje da kuɗi kaɗan? Ba ni da halin sayen injin feshin ruwa mai ƙarfi irin na masu wankin mota.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa nema albarka. Gaskiya Hajiya ta fi ka gaskiya, ka ba ta haƙuri kawai ka fita mata daga banɗaki.

Bari in fara da abin da ya sa rubutunka ya daina fita, don shi ne ke cinye maka kuɗi. Ba famfon ba ne, rana ce. Shi kotin ɗin nan da kake shafawa a mesh, wato ragar da ke jikin firam, haske ne ke ƙandarar da shi, da haka ma ka ƙona zanen tun farko, wajen da baƙin zanen da ke jikin fim ya rufe ne kaɗai ya rage da laushi don ruwa ya tafi da shi. To ka cire fim ka fito da firam tsakar gida da rana tsaka kana neman bokiti kana gaisawa da maƙwabci, ai kafin ka buɗe famfo rana ta gama gasa wajen da ya rage, ko minti ɗaya ba ta buƙata. Har a inuwar bishiya haske na shigowa ta gefe. Saboda haka tun a cikin ɗaki ka jiƙa firam ɗin gaba da baya da soso ko ka tsoma shi a baho, ka ba shi minti ɗaya zuwa biyu ya sha ruwa, sannan ka fito da shi a rufe cikin baƙar leda. In da hali ka bar wannan aikin sai bayan magariba ko da asuba, kwan fitila mai launin rawaya ya ishe ka gani.

Wajen wankin kuwa ba wani abin tashin hankali ba ne. Ka nemi durom ɗin roba shuɗi mai lita 200 na hannu, wanda ka san abin da aka zuba a ciki, a yanke maka gefe ɗaya kamar taga yadda firam ɗinka mafi girma zai shiga ya jingina, a bar ƙasan da ɗan zurfi kamar taƙi ɗaya. In firam ɗinka sun fi ƙarfin durom to tsohon bahon wanka ko tsohon tankin nan mai kejin ƙarfe zai yi. Ka ɗora shi kan bulo har ya kai ƙugunka don kar bayanka ya lalace, ka ɗan karkata shi, ka huda wajen da ya fi gangara ka sa guntun fayif. A ciki ka shimfiɗa katako biyu don kar gindin firam ya zauna cikin ruwan datti. Sama da gefe kuma ka kewaye da tsohon kwano ko tamfol mai kauri, ka sa shi jikin katangar da rana ba ta dukanta lokacin da kake aiki. Wannan rufin zai taimake ka da hunturu ma, don ƙurar da ke sauka kan mesh ɗin da aka wanke ita ce ke jawo 'yan ƙananan hudojin nan da fenti ke tsiyaya ta ciki ya ɓata riga.

Maganar injin ka manta da ita tukuna. Fitar da zane ba ya son ƙarfin ruwa sosai, tiyo da kan feshi ya isa, in kuma famfonku irin na sai an ga dama ne ka sayi sabuwar jarkar feshi ta manoma mai lita 16, ba ta son wuta ba ta son fetur. Sabuwa na ce, ba wadda aka yi feshin ciyawa da ita ba. Kuma ka riƙa taɓa ruwan da hannu, ruwan tankin sama da ya kwashi ranar Afrilu yana iya dafa kotin ko ya saɓule maka ƙananan haruffa, mai sanyi ake so. Ranar da za ka goge tsohon kotin gaba ɗaya ne kake buƙatar injin, sai ka tara firam huɗu biyar ka kai wajen masu wankin mota ku daidaita. Abu ɗaya dai, in ka shafa maganin cire kotin kar ka yarda ya bushe a jikin mesh, in ya bushe kotin ɗin ya zauna kenan sai dai ka yage ka ja sabo.

Sai inda ruwan zai tafi, nan ne yawancin 'yan uwa ke sakaci kuma nan ne rigima da maƙwabta ke farawa. A ƙarƙashin fayif ɗin ka sa bokiti ka ɗaure bakinsa da tsohon mesh ya tare ɓarɓashin kotin, ka huda bokitin kusa da baki ka sa wani fayif ya zuba a na biyu, dattin zai kwanta a ƙasa ruwan sama ya wuce. In laka ta taru ka bar ta ta bushe ka ƙulle a leda ka kai bola. Fenti kuwa tun kafin ka zo wajen wanki ka kankare shi da kati ka mayar gwangwani, ragowar ka goge da tsumma, musamman irin fentin da ake kira plastisol da ruwa ba ya wanke shi ko kaɗan, shi da kananzir ko tina mai tsinka fenti bai kamata su shiga makwarara ba.

Ban san wane kotin kake amfani da shi ba don ba ka faɗa ba, amma in irin wanda ake haɗawa da gam da garin nan ne mai launin ruwan lemo, wato baikuromet, to ka ji ni da kyau, guba ne na gaske, yana cin fata kuma yana cikin sinadaran da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Kar ka taɓa shi ba safar hannu ta roba, kar ka shaƙi garin, kuma ruwansa kar ya kwanta inda yara ke wasa ko kaji da awaki ke sha. Ni shawarata ka daure ka koma na kwalba mai sinadarin dayazo a maimakon baikuromet ko da ya ɗan fi tsada. Kuma ko wanne ne, in akwai rijiya a gidan ka nisanta wajen wankin da ramin da ruwan zai shiga kamar yadda ake nisanta masai, a ƙalla mita 30, in gidan bai kai haka ba ka riƙa tara ruwan a jarka kana fita da shi.

In ka haɗa ka turo mana hoto ta adireshin mujalla, ka kuma faɗa min kotin ɗin da kake amfani da shi da irin hasken da kake ƙona zane da shi, sai mu yi maganar lokacin ƙonawa a fitowa ta gaba. A gaida Hajiya.