Likitan dabbobi ya amsa: abincin ɗan kwikwiyo da fitsarinsa na dare

Tambayoyin wannan mako kusan duk a kan 'yan kwikwiyo suka zo, sai na zaɓi huɗu.

Wata uwar gida daga unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi ta ce: "Likita, maigida ya kawo ɗan kwikwiyo ɗan wata biyu don ya tashi ya yi mana gadi. Sauran tuwo muke zuba masa a kwano, ya wuni yana ci. Cikinsa ya yi tulu, ga kashi ko'ina a tsakar gida. Sau nawa ya kamata ya ci?"

Hajiya, wannan kwanon da ke wuni a ajiye shi ne ya ɓata miki tsakar gida. Wanda ke ci ba lokaci, kashinsa ma ba shi da lokaci. Daga wata 2 zuwa 3, sau huɗu ake ba shi a rana. Daga wata 3 zuwa 6 a mayar sau uku, in ya wuce wata 6 sau biyu ya isa. Ba sai kin kalli agogo ba, kiran salla ya ishe ki: bayan asuba, azahar, la'asar, sai magariba. Ki ajiye kwanon minti 15, in ya bar saura ki ɗauke. Ruwan sha ne kaɗai ke zama a gabansa kullum, a inuwa.

Tuwon hatsi zalla yana cika ciki, amma ba ya gina ƙashi da tsoka. Ki haɗa masa da dafaffen ƙwai, ko ɗan nama, ko busasshen kifi da aka jiƙa aka cire ƙaya, wani lokaci da wake mai laushi. Ki daka ɓawon ƙwai da aka dafa ya yi gari, ki barbaɗa masa ɗan kaɗan saboda ƙashinsa. Miyarmu kuwa ba tasa ba ce: albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, barkono da gishiri su dagula masa ciki. Ki ɗebar masa tuwon kafin a zuba miya. Dafaffen ƙashin kaza ko na zabo yana tsagewa kamar allura, ya huda hanji, kuma yara sun fi kowa jefa masa, sai ki sa ido.

Tulun cikin nan, sau tari tsutsa ce. 'Yan kwikwiyo da yawa tun a cikin uwa suke ɗauko ta. Ana ba da maganin tsutsa a mako na 2, 4, 6 da 8, daga nan duk wata har wata 6. Ki kai shi wurin likitan dabbobi a auna nauyinsa, don da nauyi ake auna maganin. Ƙwan tsutsar yana zama a rairayin da yara ke wasa, yana kuma kama su, saboda haka a kwashe kashin tun yana ɗanye.

Wani ɗalibi daga unguwar Zariya ya rubuto: "Nawa wata uku ne. Da dare sai kuka, da safe in tarar ya jiƙa zaure da fitsari. Na dake shi, na dangwala masa hanci a ciki, bai daina ba. Maƙwabta sun fara magana."

Ƙanena, ajiye bulalar. Dukan da ka yi masa da safe, shi bai san na fitsarin tsakar dare ba ne. Abin da ya koya kawai shi ne ya ji tsoronka, gobe sai ya nemi lungu ya ɓuya ya yi. Ba taurin kai ke damunsa ba, mafitsararsa ce ƙarama. Lissafin da muke yi shi ne kusan awa ɗaya ga kowane wata na haihuwa, ɗan wata 3 ke nan awa uku zuwa huɗu yake iya riƙewa. Kai ka kulle shi tun bayan isha'i har gari ya waye, to ina zai kai shi?

Ka zaɓi kusurwa ɗaya mai ƙasa, nesa da randa, da madafi, da inda ake shimfiɗa tabarmar salla. Can za ka riƙa kai shi da ya tashi barci, da bayan wasa, da kuma minti 10 zuwa 20 bayan ya ci. Ka tsaya har ya yi, ka yaba masa nan take da murya mai daɗi ko ɗan guntun nama. In ka ga yana shinshina ƙasa yana kewaya, ɗauke shi ka ruga, saura ƙiris ke nan. Abincin ƙarshe da magariba, don a samu kamar awa uku kafin kwanciya. Ka fitar da shi wajen ƙarfe 10, ka sake tashi wajen 2 na dare, sai kuma asuba. Fitar tsakar dare ba wasa, ba surutu: ya yi, ka mayar da shi. Na san tashin da wuya, musamman a hunturu, amma na 'yan makonni ne. Yawancinsu zuwa wata 4 ko 5 suna kai wa asuba.

Wurin kwanansa ya zama ƙarami, babban kwando ko kwali da tsohon buhu, daidai ya miƙe ya juya. Kare ba ya son ɓata makwancinsa, amma in ka ba shi zaure guda sai ya kwana a wannan gefe ya mayar da wancan masai. Kukan kuma rabinsa kewa ce, an raba shi da uwa da 'yan'uwa. Ka matso da kwandon kusa da ƙofar ɗakinka inda zai ji motsinka. Inda ya taɓa yin fitsari a wanke da sabulu sosai, don warin ne ke kiransa ya koma.

Za ka ji ana cewa a ɗauke ruwa tun yamma. Wannan shawarar ƙasashen sanyi ce. A Maraɗi, a watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, hana ɗan kwikwiyo ruwa ganganci ne. In ka ga fitsarin ɗis-ɗis ne sau da yawa, ko da jini, ko yana kuka lokacin yi, wannan ciwo ne, horo ba ya maganinsa, kawo shi a duba.

Wani dattijo mai lambu a Jiratawa ya ce karyarsa ta mutu ta bar 'ya'ya 'yan mako uku, ko ya ba su madarar shanu?

Baba, Allah ya mayar da alheri. Madarar shanu tana sa su zawo, ga ta da tsinkewa in an gwada da nonon karya. In ba a samu madarar gwangwani ta 'yan kwikwiyo ba, a tafasa ta akuya, a dama da gwaiduwar dafaffen ƙwai, a ba su da ɗumi duk awa huɗu, suna kife bisa cikinsu don kada su shaƙe. Daga yanzu a fara gwada musu kunu mai kauri a faranti. A tare musu iska da dare, sanyi na saurin kashe marayu.

Ta ƙarshe daga Tibiri, wata uwa ce: ɗan kwikwiyon da yara suka tsinto ya ciji ɗanta a yatsa lokacin da ya taɓa kwanonsa, ciwon ɗan ƙarami ne.

'Yar'uwa, ƙanƙantar ciwo da ƙanƙantar kare ba sa kore ciwon haukan kare, balle na tsintuwa da ba a san uwarsa ba. Ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15 cur, ki kai yaron asibiti yau ɗin nan a fara masa allura. Kada a tsaya shafa toka ko jiƙe-jiƙe, don cutar in ta bayyana ba ta da magani. Karen kada a kashe shi, kada a kore shi. A killace shi kwana 10 ana ba shi ci da sha, a sanar da ofishin ma'aikatar kiwo. In ya wuce kwanakin lafiya, a yi masa rigakafin hauka da ya cika wata 3, yara kuma a hana su zuwa kusa da shi in yana cin abinci.