Amsa: Neman tarihin kakan da ya je yaƙin Bama

Ka tambaya yadda za ka gano tarihin kakanka, Allah ya jiƙansa, wanda ya je yaƙin Bama, wato ƙasar Burma (Myanmar ta yau), a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Fara da lambarsa ta soja. Tana cikin takardar sallama, don haka a bincika akwatinsa da kayan matansa. Lambar yabo ta Burma Star ba za ta taimaka ba, domin Ingila ba ta zana sunan mai ita a jiki ba. Idan can ya rasu, duba shafin intanet na CWGC, hukumar kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila: sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma da suka kwanta dama a yankunan Kaladan da Arakan na ƙasar Bama tsakanin 1943 da 1945 suna cikin rajistarsu.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne suna. Turawa kan haɗa sunan mutum da garinsu, ka ga Audu Katsina ko Musa Sakkwato, kuma Muhammadu kan koma Momadu. Gwada kowane rubutu. Sannan kada ka jinkirta zuwa wajen gwaggonninka da waya, ka ɗauki muryarsu: sunan da ya shiga soja da shi, matansa, 'ya'yansa, shekarar da ya dawo. Takardar sallamar kuma a ɗauki hotonta, kada a manne ta da leda mai zafi, tana lalacewa.